Wanda Ya Karye, A Yafe Masa Bashi?

A ƙasarmu ta Gure bashi yana da lokacinsa, kamar yadda shuka take da nata. Ruwa ya sauka, an yi noman fari, gero ya kai gwiwa, rumbu kuwa ya ƙare tun bazara. A nan ne maigida yakan rataya buhu marar kome, ya nufi kasuwar Gidigir, ya tsuguna a bakin rumfar attajiri. Za a auna masa buhu ɗaya a watan Agusta, ya kawo biyu da kaka. In ya tambayi dalili, attajiri yana da amsa. Zai ce gero yana tsada yanzu, da kaka kuwa zai faɗi, saboda haka buhu biyu na kaka ba su fi ɗaya na damina kuɗi ba. Akwai gaskiya cikin wannan lissafi. Amma wa ya sayar masa da geron da araha bara? Manomin nan ne. Buhu biyun kuma zai ajiye su har damina mai zuwa, su koma huɗu.

In damina ta yi kyau, mutum ya biya ya numfasa. In ta ƙi, kamar yadda ta ƙi a 1973, da 1984 shekarar da muke kira El Buhari, da kuma 2004 wadda ta haifi yunwar 2005, sai bashin bara ya hau kan na bana. A sayar da akuya, a sayar da jaki. Daga nan a jinginar da gona, ko fegi a cikin kwari inda dabino da rogo suke. Gonar jingina tana hannun mai kuɗi, shi ne ke nomanta yana cin amfaninta, har ranar da za a mayar masa da kuɗinsa cif. To, da me za a mayar, tun da abin da zai haifi kuɗin yana hannunsa? Shi ya sa samarinmu suke barin gida, wani Agadas, wani Libiya, wani wurin haƙar zinariya a Jado tun 2014. Akwai kuma 'yan mata da aka aurar kafin lokaci, kowa a gari ya san dalili, ba mai faɗa.

Masu mulkin duniya sun ga cewa akwai bashin da mutum ba zai iya biya ba ko da zai yi shekara ɗari. Sai suka yi doka domin wanda ya karye. A dā ɗaure shi a kan yi, har Ingila ta bar ɗaure mutane saboda bashi, sai a wasu 'yan laifofi, a 1869. A Amurka mutum yakan je gaban alƙali ya bayyana dukan abin da yake da shi da dukan abin da ake binsa. A bar masa abin da zai rayu da shi, a sayar da saura a raba wa masu binsa, abin da ya rage na bashin a shafe. Faransa ta yi doka a 1989 domin iyalan da bashi ya danne, a 2003 kuma ta ƙara cewa wanda ba shi da hanyar biya sam ana iya shafe masa.

Mu ma muna da tamu. A 1993 Nijar ta sa hannu tare da waɗansu ƙasashen Afirka a kan yarjejeniyar da ake kira OHADA, domin su bi dokar ciniki iri ɗaya. A 1998 aka yi dokar karayar arziki, a 2015 aka gyara ta, har aka sa manoma da masu sana'ar hannu a cikinta. Dokar ta ce in mai sana'a ya kāsa biya, gidan shari'a zai tsayar da masu binsa, kada kowa ya yi wawaso. Za a ƙidaya dukiyarsa. In akwai sauran numfashi a sana'ar, a shirya yadda zai biya a hankali. In babu, a sayar a raba. Wanda kuma ya ɓoye dukiya ko ya yi zamba, akwai hukunci a kansa.

Waɗansu masu bi suna jin wannan sai su ce haramun ne, hanyar cin dukiyar mutane ce. Ni ban yarda da su ba. Tun kafin Turawa su yi tunaninta, Allah ya ba Isra'ila irinta. Buɗe Maimaitawar Shari'a sura 15, ka ga an umarta a yafe wa ɗan'uwa bashi kowace shekara ta bakwai. Allah kuwa ya san zuciyar mutum, har ya gargaɗi mai dukiya kada ya ƙi ba da rance don ya ga shekarar yafewa ta kusa. A Littafin Firistoci sura 25, gonar da aka sayar saboda talauci tana komawa ga gidan masu ita a shekara ta hamsin, domin ƙasa ta Ubangiji ce, mu baƙi ne a kanta. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama da shi iyali suke ci. An hana mai bin bashi shiga ɗakin wanda yake bi don ɗaukar jingina, sai ya tsaya waje a kawo masa. Dubi yadda Allah ya kāre har kunyar matalauci a gaban matarsa da 'ya'yansa! Ashe dokar da ta ce bashi yana da iyaka ba ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki ba.

Inda nake ganin rashin gaskiya shi ne ƙofar da aka yi wa dokar. Ƙofa ce ta masu takarda. Sai kana da littafin lissafi, da lauya, da kuɗin mota zuwa Damagaram ko Yamai, da Faransanci a bakinka. Manomin Gidigir an rubuta sunan sana'arsa a cikin dokar, amma bashinsa na baka ne, shaidunsa dillali da mai awo. Wa zai kai wannan gaban alƙali? Mai kamfani kuwa, in kamfanin ya faɗi, abin da ya zuba a ciki ne kaɗai ya ɓata. Gidansa yana nan, motarsa tana nan, gobe ya buɗe wani da sabon suna. A 1990 babban bankin nan na raya ƙasa, BDRN, ya rushe, bashin da aka ba manya bai dawo ba yana cikin abin da ya kashe shi. A 2013 hukumar kuɗin saifa ta ce kada ruwan bashin banki ya wuce 15 cikin ɗari a shekara, na ƙananan asusu kuma 24. Wannan iyaka ba ta taɓa isa rumfar hatsi ba.

Har ƙasa ma an yafe mata. Kiristoci na ƙasashe da yawa suka tashi da kiran da suka sa wa suna Jubili 2000, daga shekarar hamsin ta Littafin Firistoci suka ɗauko sunan, suna roƙo a sauke wa ƙasashe matalauta kaya. A 2004 aka yafe wa Nijar babban rabo na bashin da ƙasashen waje suke binta. Mun yi murna, ya kuwa kamata. Amma a shekara ta gaba, 2005, talakawan ƙasar nan suka jinginar da gonaki don tiya goma ta gero, ba wanda ya kira musu taro. Sai na tuna da misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 18, na bawan da sarki ya yafe wa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, talanti ɗaya kuwa wajen dinari dubu shida. Ku yi lissafin da kanku.

To, ya kai mai karatu, kada ka ce dattijo ya ba ka izinin ƙin biya. Mai bin bashi ma mutum ne, ba kullum ne kuma attajiri ba. Sau da yawa gwauruwa ce mai sayar da ƙosai, ko matan adashe da suka tara dala dala, ko maƙwabcin da ya ba ka irin shukarsa. In aka shafe maka, a kan wa asarar ta faɗi? Bashi ba ya ƙafewa kamar tabki da rani, wani ne ke ɗauka. Zabura 37 ta kira wanda yake ci ba ya biya mugu. A 2 Sarakuna sura 4, mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yan gwauruwa biyu su zama bayi. Allah ya cika mata tuluna da mai, annabi Elisha kuwa ya ce ta sayar ta biya bashin tukuna, ita da 'ya'yanta su ci saura. Allah ya cece ta, mai bashin ma bai tafi hannu wofi ba.

Saboda haka dole a raba tsakanin wanda ya kāsa da wanda ya ƙi. Mutumin da fāra ta cinye gonarsa, ko rairayi ya binne kwarinsa, ko ciwon matarsa ya cinye awakinsa, daban yake da wanda ya ci bashi don ya yi bikin da za a riƙa labarinsa, ko ya sayi babur alhali rumbu wofi. Mu Kirista ma mun shiga wannan gasa ta biki da kayan ɗaki, abin kunya ne. Na biyun nan tuba yake bukata kafin yafewa. Na farin kuwa, in aka yafe masa, daga baya Allah ya buɗa masa, a ganina ya kamata ya koma da ƙafarsa wurin waɗanda suka yi asara, ya fara da mafi talauci a cikinsu. Alƙali ba zai tilasta shi ba, ikilisiya ma kada ta tilasta shi. Zakka mai karɓar haraji ba wanda ya kai shi ƙara, da kansa ya miƙe ya mayar, ranar da Yesu ya shiga gidansa.

Mu kaɗan ne a wannan ƙasa, yawancin masu binmu bashi maƙwabtanmu Musulmi ne, suna kuwa kallon yadda muke biya kafin su saurari abin da muke wa'azi. Su ma shari'arsu ta ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri, ba a kuma raba gādo sai an biya bashin mamaci. Fulani suna da habbanaye, su ba wanda ya rasa dabba karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. A Maradi mata suka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991. A wurare da yawa manoma suna kulle hatsinsu a sito da kaka, su karɓi rance a kansa, su sayar sa'ad da ya yi daraja. Ikilisiyar da ta iya tara zakkar hatsi da kaka ta iya gina rumbu, ta ba mai bukata tiya a kan tiya, ba ƙari.

Ga wanda ya riga ya karye kuwa, ba sai mun jira doka ta zo daga Yamai ba. Nehemiya bai jira ba. A sura 5 ta littafinsa, mutane sun jinginar da gonaki da gidaje saboda yunwa da harajin sarki, har an bautar da 'ya'yansu mata. Ya kira babban taro, ya tsawata wa manya, shi da kansa ya bar abin da yake bi, aka mayar da gonaki. Haka dattawan ikilisiya za su zauna da ɗan'uwa da dukan masu binsa a tabarma ɗaya, a gayyaci maigari in akwai wanda ba na ikilisiya ba. Ya faɗi abin da yake da shi duka, har akuyar da ya kai gidan surukai ajiya. A fara cire ruwan bashin, a ga ainihin abin da aka ci. A biya gwauraye da matan adashe kafin attajirai. Irin shuka, da hauya, da jakin ɗiban ruwa, da abincin yara har kaka, kada a taɓa su. Gonar jingina a ƙidaya damunan da mai kuɗi ya ci amfaninta, a rage daga kuɗinsa. Abin da ya saura a yanka masa kaka biyu ko uku, a rubuta a takarda gaban shaidu, a kuma rubuta ranar da daga ita ba wanda zai ƙara tsayar da shi a kasuwa ko a bakin majami'a a kan wannan magana.