Baƙuwar da Yaƙi Ya Koro

A shekara ta 2014 Boko Haram suka ci Gwoza da Bama, mata da yawa suka gudo yamma. In ɗayarsu ta sauka Wudil, tana zabura cikin dare, kada ku ce aljanu ne. Abin da idonta ya gani ne bai sake ta ba.

Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7, ba su ce kome ba. Hakanan matanmu su zauna da ita, su saurara, kada su kai asirinta bakin rijiya. In barci ya ƙi, ko tana roƙon mutuwa, ku raka ta asibitin Dawanau a Kano. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.