Inda Babu Anko: Zumuntar Mata a Tamanrasset

A majami'un Arewacin Najeriya da kudancin Nijar akwai koyarwar da ake yawan maimaita wa mata, ko a ECWA ne, ko EYN, ko COCIN, ko HEKAN, ko wajen Katolika, ko EERN ta Maradi da Damagaram. Ana gaya wa mace cewa darajarta ba ta rataye ga miji ko haihuwa ko abin hannu ba, tana wurin Allah da ya halicce ta, ya kuma san ta da sunanta. Koyarwa ce mai kyau, kuma gaskiya ce. Sai dai faɗinta a Jos ko Kagoro ko Tsibiri ba ya da wuya, domin wadda ake gaya wa tana zaune ne a tsakiyar mutanen da suka san iyayenta. Wurin da ya dace a gwada wannan magana shi ne inda babu wanda ya san mace, kuma da wuya a samu wurin da ya fi Tamanrasset dacewa da gwajin, garin nan na tsakiyar duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 2,000 kudu da birnin Aljiyas. Abin da nake so in kafa shi ne, mace ba ta iya riƙe sanin cewa ita ta Allah ce ita kaɗai na dogon lokaci. Sai da wasu mata, ko biyu ne ko uku, masu kiran sunanta.

A gida wannan aiki yana hannun Zumuntar Mata, kuma sabo ya sa ba a cika lura da nauyinsa ba. Ranar taro mata kan fito da zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya. Wata ta rungumi tulu tana buga bakinsa da soso har ya yi wannan gurnani mai zurfi, wata na kaɗa kacau-kacau, mai ba da waƙa na bayarwa ana amsawa. Kafin a watse sai magatakarda ta buɗe littafi ta kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta amsa ba, uwar zumunta za ta tambaya, "Ina Mama wance? Lafiya kuwa?" Idan haihuwa ta yi, a tara sabulu da itace a kai mata. Idan rasuwa aka yi mata, matan zumunta ne za su kwana a gidan, su ne kan murhu. Mutane kan ɗauki waƙar da ankon a matsayin zumuntar kanta, amma a ganina ƙashin bayanta shi ne wannan littafi da wannan tambaya. A nan ne koyarwar da fasto ya yi a bagadi take zama abin da mace za ta iya taɓawa: an lura ba ta zo ba, an kuma biyo sawunta.

Tamanrasset ba baƙon gari ba ne ga ƙasar Hausa. Tun zamanin ayari Buzayen Ahaggar suke saukowa da gishiri zuwa Damargu su musanya da gero, kuma har yau ana jin Hausa a kasuwannin garin. Amma hanyar da ta tashi daga Agadas ta bi Arlit da Assamaka da In Guezzam yanzu ta zama hanyar masu neman abin kai wa baki, daga Nijar da Najeriya da Mali da Kamaru da ma wasu ƙasashe masu nisa. Mafi yawansu Musulmi ne, amma akwai Kiristoci, akwai kuma mata a cikinsu, masu wanki da shara a gidajen mutane, masu kitso, masu dafa abincin sayarwa, masu jiran kuɗin mota zuwa gaba. Irin wannan mace ta rasa kusan duk abin da take gabatar da kanta da shi a gida. Takardar zama sau da yawa babu. Sunan gidansu ba ya nufin komai ga kowa. Ibada ma a taƙaice take, domin dokar Aljeriya mai lamba 06-03 ta shekarar 2006 ta kayyade cewa waɗanda ba Musulmi ba sai a gine-ginen da hukuma ta amince da su za su yi sujada tare, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ga wanda aka samu da laifin jan Musulmi zuwa wani addini. Saboda haka babu tulu, babu jerin gwano, babu anko. Abin da ya rage shi ne 'yar ƙaramar ekklesiyar Katolika ta garin, wadda baƙi daga kudu ne suka fi yawa a cikinta, da kuma ziyarar da mace ke kai wa 'yar'uwarta a ɗakin haya, su karanta aya daga waya, su yi addu'a murya ƙasa-ƙasa.

Wani zai ce wannan ai ya isa hujjar cewa bangaskiya tsakanin mutum ne da Mahaliccinsa, taro ƙari ne kawai. Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan wannan ba yadda ake zato. Gaskiya ne Hajaratu ita kaɗai ce a jeji lokacin da mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin maɓuɓɓuga, kamar yadda Farawa 16 ya ba da labari. Amma a duba abin da ya fara yi: ya kira ta da sunanta, alhali a duk maganar da Saraya da Abram suka yi a kanta a wannan sura, baiwa kawai suke ce mata. Maryamu kuwa, da ta ji saƙon da ya fi ƙarfin hankalinta, ba ta kulle kanta a ɗaki ba. Ta kama hanyar ƙasar tuddai zuwa wurin Alisabatu, ta zauna wajen wata uku, kuma Luka ya ajiye waƙar yabonta ne bayan wata mace ta tabbatar mata da abin da ta ji. A Filibi, Bulus ya iske mata sun taru a bakin kogi domin addu'a, kuma Lidiya, 'yar kasuwa baƙuwa daga Tayatira, ita ta buɗe gidanta ga masu bi. Dalilin a fili yake. Mutum yana sanin kansa ne ta yadda ake kiransa. Wadda kullum ake ce mata "ke" ko "baƙar nan" ko "marar takarda", in ta yi wata shida ba ta ji wani suna ba, za ta fara amsa wannan a zuciyarta, komai yawan ayoyin da ta haddace.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu ganin kaɗaici ya isa tana cikin tarihin Tamanrasset ɗin kanta. Charles de Foucauld, tsohon sojan Faransa da ya zama firist, ya sauka a nan a shekarar 1905, lokacin da wurin bai wuce bukkoki kamar ashirin ba. Idan akwai wanda ya nemi Allah a kaɗaici, to shi ne. Har ɗakin khalwa ya gina a kan tsaunin Assekrem a 1911, sama da mita 2,700, ko da yake watanni kaɗan ya yi a can ya sauko. A farkon 1908, bayan fari mai tsanani, ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Ya riga ya raba abincinsa, ba shi da abokin addu'a ko ɗaya. Makwabtansa Buzaye ne, Musulmi, su ma cikin yunwa, suka bi awakin da ke da ɗan sauran nono a kewayen suka kawo masa har ya tashi, kuma tatsar akuya a can aikin mata ne. Masu rubuta tarihinsa da dama suna ganin daga wannan lokaci ne ya daina zama mai bayarwa kawai, ya koyi karɓa. Bai kamata a wanke shi tas ba: amininsa ne Laperrine, kwamandan sojan mallaka, kuma an kashe shi a ƙofar ganuwarsa ranar 1 ga Disamba 1916. Duk da haka, mutumin da Fafaroma Francis ya ayyana waliyyi ranar 15 ga Mayu 2022 bai rayu ya gama ƙamus ɗinsa na Buzanci ba sai da nonon da matalauta suka tara masa.

Foucauld bai bar almajiri ko ɗaya a garin ba, kuma mata suna sahun gaba cikin waɗanda suka ɗauki tafarkinsa daga baya. Magdeleine Hutin ta kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwa Mata na Yesu a Touggourt a 1939, sannan sistocin ƙungiyar Zuciya Mai Tsarki suka zauna a Tamanrasset tun 1952. Ba su taɓa yawa ba, ba su kuma cika majami'a da sababbin masu bi ba. Aikinsu zama ne da makwabta, shiga gidan biki da gidan makoki, sauraren matan gari da matan hanya. Wannan ya amsa wani tsoro da ake yi, cewa zumuntar Kirista katanga ce tsakaninta da Musulmi. Matar da ta tabbata ko ita wace ce ba ta jin tsoron cin tuwon makwabciyarta. Wadda ke cikin shakka ce ke ganin kowace gaisuwa tarko.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Zumunci na iya ruɓewa. A gida an san yadda taron mata kan koma gasar zane, ko dandalin tsegumi, ko rukunin ƙabila ɗaya, inda gwauruwa da wadda ba ta haihu ba da wadda aurenta ya mutu kan zauna a bencin baya. A kan hanyar hamada ruɓewar ta fi muni. Masu safarar mata sun daɗe da gane cewa babu ƙugiyar da ta kai kalmar "'yar'uwa". Uwar ɗakin da za ta ɗora wa yarinya bashin da ba ya biyuwa, da "ƙanwata" take fara kiranta, wani lokaci har da addu'a. Abin ya kai ga Oba na Benin, Ewuare II, ya fito a watan Maris 2018 ya warware rantsuwar da ake ɗaura wa 'yan mata kafin a fitar da su. To, ta yaya mace za ta bambanta zumuncin gaskiya da na ƙarya, tunda duka biyun da sunan Allah suke zuwa? Ma'aunin yana cikin koyarwar da muka fara da ita. Idan darajar mace a wurin Allah take, babu mahaluƙin da ya mallake ta. Duk zumuncin da ya karɓe mata waya ko takarda, ya hana ta magana da gida, ya mai da taimako bashi, ya ƙaryata kansa komai daɗin waƙarsa. Wanda ya bar ta da 'yancin cewa a'a, ya kuma ci gaba da neman lafiyarta bayan ta faɗa, shi ne na gaskiya. Wato koyarwar ce ke tsare zumunci daga zama kurkuku, kamar yadda zumunci ke tsare koyarwar daga zama maganar fatar baki.

Suka ta uku ta fito ne daga masu ganin duk wannan lallashi ne. Suna cewa mai jin ƙishirwa ruwa take bukata, marar takarda kuma lauya, kuma gaya mata ita 'yar Sarkin sarakuna ce hanya ce ta sa ta haƙura da zalunci. Suna da abin nunawa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, galibi mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, motocinsu sun lalace a kan hanyar Tamanrasset. Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke kwashe baƙi tana mayarwa kudu, kuma waɗanda ba 'yan Nijar ba akan sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a shekarar 2024 kaɗai. Caritas, hannun agajin Katolika, an rufe ta a Aljeriya tun Oktoba 2022. Addu'a ba ta soke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma duk mai wa'azin da ya yi amfani da "Allah ya san ki" domin ya rufe bakin mai kuka ya ci amanar kalmar. Amma a tambaya: ranar da aka yi samame aka tafi da mace, wa ke sanin an tafi da ita? Wa ke riƙe jaririn da ta bari, wa ke da lambar wayar uwarta? Lauya ba ya neman wadda ba a san ta ɓace ba. Kafin ƙungiyar agaji ta rubuta suna, sai wata ta faɗi sunan, kuma mai faɗin ita ce wadda suka durƙusa tare a ɗakin haya. Ba na ganin imani da cewa Allah ya san mutum yana sa a haƙura da ɓacewarsa. Shi ne ma yake sa a ƙi yarda a lissafa ta cikin waɗanda ba su da mai tambaya.

Saboda haka maganata ga iyayen zumunta ce, na Kaduna da Jos da Mubi da Maradi da Damagaram. Kusan kowace ekklesiya tana da 'yar da ta kama hanyar arewa, kuma abin da aka saba shi ne, in ta daina biyan kuɗin wata sai a ja layi a kan sunanta, wani lokaci har da zargin cewa ta lalace. Ku bar sunan a littafi. Ku kira shi ranar taro kamar na kowa, ku sa wata ta nemi lambarta wurin danginta, ta buga mata ko sau ɗaya a wata, ta tambaye ta da wa take addu'a a can, da kuma wa ke riƙe da takardunta.