Wa ke karanta mana takarda kafin mu dangwala?

 

'Yan'uwa, ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani ba a kan sallah ta sauka ba, ba kuma a kan azumi ko hajji ba. A kan rubuta bashi ta sauka. Ita ce aya ta 282 a Suratul Baƙara. Kusan duk almajiri ya san wannan, amma abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne, ban da mai bin bashi da wanda ake bi, ayar ta kawo mutum na uku ta ɗora masa nauyi, wato marubucin. An umarce shi ya rubuta a tsakaninsu da adalci, an hana shi ƙin rubutawa, sannan aka ce wanda ake bi bashin shi ne zai yi shiftar abin da za a rubuta, kuma kada ya tauye komai. In ba zai iya ba, saboda rauni ko ƙarancin wayo, waliyyinsa ya yi a madadinsa. A kan wannan mutum na uku nake son magana yau, domin a ƙauyukanmu shi ne ya ɓace.

Duk babban kamfani yana da shi. Banki, kamfanin taki, kamfanin casar shinkafa, masu sayen riɗi suna fita da shi waje, kowanne yana da lauyan cikin gida, wasu ma sashe guda na lauyoyi da shugabansu. Shi wannan lauya ba a kotu yake wuni ba. Aikinsa shi ne kada a kai ga kotun. Shi ke tsara yarjejeniya, shi ke duba wa zai ɗauki asara in kaya suka lalace a hanya, shi ke riƙe da ranakun biya da ranar da wa'adi zai cika, kuma shi ne zai kalli mai kamfani ya ce masa, ranka ya daɗe, kada ka sa hannu a nan. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su ban da lauyoyi har da kwamitin malamai suke da shi, wanda sai ya duba tsarin ciniki kafin a fito da shi ga jama'a. Wannan ba aibu ba ne. Hankali ne, kuma mu muka fi cancanta da shi.

To yanzu waiwayo ɗaya ɓangaren teburin. Manomi ne daga Makoda ko Kunchi ko Tsanyawa, mai gona biyu ko uku da ya gada, waɗanda in an haɗa su ba lalle su cika eka uku ba. A nan yankinmu gona na manne da gona, babu jejin da za a sara a ƙara, kuma duk mutuwa sai an sake yanka abin da yake ɗan kaɗan. Mutumin da ke cikin wannan hali, takarda ɗaya ta isa ta raba shi da abin da kakansa ya bari. Amma shi ne ake miƙa wa shafuka da Turanci ana cewa, dangwala nan, Baba, mota na jira.

A daminar da ta wuce shugabannin wata ƙungiyar manoma suka kawo min takardar da wani kamfani ya ba su. Za a ba su iri da taki da maganin feshi, su biya da amfanin gona in kaka ta yi. Na nemi wani ɗalibina da ya karanta lauya muka zauna a zaure muka bi ta layi-layi. An rubuta kuɗin kayan da za a ba su dalla-dalla, amma farashin da za a karɓi amfaninsu an bar shi a hannun kamfanin, shi zai faɗa ranar awo. An kuma rubuta cewa kowa a ƙungiyar ya tsaya wa kowa, in mutum ɗaya ya gaza za a bi sauran. Ba ko kalma ɗaya a kan fari ko ambaliya. Da na tambaye su ko sun san da wannan, sai shugaban ya ce, "Allah gafarta Malam, ai mu an ce mana tallafi ne."

Kalmar nan ta tallafi ta ci mutane da yawa. Da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, bashi ne Babban Bankin Najeriya ya tsara, mai ruwan kashi 9 cikin ɗari, ana shiga ƙungiya-ƙungiya ana tsaya wa juna. Amma labarin da ya iso ƙauye shi ne gwamnati na rabon taki. Wasu sun karɓa da gangan ba su da niyyar biya, kuma wannan cin dukiya ne da ɓarna, ba zan yi masa kwaskwarima ba. Wasu kuwa bayin Allah ba su taɓa sanin akwai ruwa a ciki ba sai da aka zo karɓa. Da akwai wanda ya karanta musu, da wasunsu ba su kusanci abin ba.

Mu koma ga magabata mu ga yadda suka ɗauki lafazin yarjejeniya. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Sayyidina Ali ne marubuci, Suhailu ɗan Amru kuma shi ne wakilin Ƙuraishawa. Suhailu ya tsaya a kan kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙi yarda a buɗe takardar da lafazin da Musulmi suka saba, ya ƙi yarda a rubuta Annabi (SAW) da siffar manzanci, yana cewa da sun yarda da hakan ai da ba su yaƙe shi ba. Ali ya kasa gogewa da hannunsa. Kun ga, ba wanda ya ce ai rubutu ne kawai, mu wuce. Daga cikin sharuɗɗan akwai mai ɗaci, cewa wanda ya gudo daga Makka zuwa Madina za a mayar da shi. Ana cikin haka sai ga Abu Jandal, ɗan shi Suhailun, ya iso yana jan mari a ƙafa, kuma aka mayar da shi, sahabbai suna kallo zukatansu kamar su fashe. Abin da nake so manomi ya ɗauka a nan shi ne, wurin jayayya kafin a rufe magana ne. In ka riga ka amince, farkon Suratul Ma'ida ya hau kanka, dole ka cika. Don haka kunyar da ke hana ka tambaya a gaban baƙi masu manyan motoci, ita ce za ta kai ka gaban alƙali.

Akwai kuma ƙissar Zubairu ɗan Awwam da Bukhari ya kawo, wadda ni a wajena ta fi kowace nuna basirar ɗan kasuwa mai fiƙihu. Mutane kan kawo masa ajiyar kuɗi, sai ya ƙi karɓa a matsayin ajiya, ya ce a mayar da shi rance, don yana tsoron kada ya salwanta. Me ya sa? Domin ajiya in ta ɓata ba da sakaci ba, babu ramuwa a kan mai riƙo, mai kuɗi ya yi asara. Rance kuwa yana wuyan wanda ya karɓa ko me ya faru, kuma ya halatta ya juya shi. Kuɗin ɗaya ne, mutanen ɗaya ne, sunan da aka ba cinikin ne ya sauya wanda zai ɗauki asara, kuma Zubairu ya zaɓi sunan da ya fi kare mai kuɗin. Da ya rasu aka lissafa bashin da ke kansa ya kai miliyan 2 da dubu 200. Ɗansa Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sannan ya hana a raba gado sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin hajji, duk mai bin Zubairu ya zo. An iya yin haka ne saboda an san me ke kan wa.

Malamanmu na Malikiyya sun mayar da wannan fanni guda mai zaman kansa, ilimin rubuta wasiƙoƙin ciniki da shaidu. Ibnul Aɗɗar na Ƙurɗuba da Wansharisi sun yi littattafai a kansa, kuma Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim har gobe tana hannun alƙalanmu. Wato aikin da kamfani ke biyan lauya albashi a kai, a da aikin malami ne. Mu ne muka taƙaita kanmu a ɗaurin aure da raɗin suna da jana'iza.

Ga abubuwan da suka fi kawo rigima a nan wajenmu. Wanda zai ba ka kuɗi ko taki yanzu ya karɓi hatsi da kaka, wannan shi ake kira salam, kuma halal ne. Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yin sa a dabino na shekara ɗaya da biyu, bai hana su ba, sai ya shardanta a san awo, a san nauyi, a san wa'adi. To "buhu" ba awo ba ne. Buhu mai kwano 40 ne ko mai kilo 100? Kwanon wa, na kasuwar Dambatta ko na Dawanau? A cike da tozo ko a shafe? Wa zai biya kuɗin mota da na 'yan dako? Farashi kuma dole a yanke shi a zaman farko. In aka bar shi sai ranar awo kuma a bakin mai saye shi kaɗai, an bar ƙofar zalunci a buɗe. Amma ka ba mutum buhun masara a watan Agusta ya mayar maka da buhu ɗaya da rabi da kaka, wannan riba ce tsantsa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, ko da liman ne ya rubuta.

Sai jinginar gona, wadda ita ce babbar cutarmu. Mutum ya shiga matsi, rashin lafiya ko aurar da 'ya, ya karɓi kuɗi ya miƙa gonarsa, mai kuɗi ya yi ta nomawa shekara da shekaru har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif. A mazhabarmu rance ne da ya jawo amfani, kuma bai halatta ba. Mafita tana nan kusa: a yi haya. A ce na karɓi gonarka shekara uku a kan kuɗi kaza, wa'adi na cika gona ta koma, babu bashi a wuyan kowa. Wani abin takaicin, yawancin jinginar nan da baki ake yin ta a gaban mutum biyu. Shaidu su mutu, mai gona ya mutu, 'ya'yan wancan su tashi su ga ubansu na noman wurin tun suna goye, su rantse da Allah gadonsu ne, kuma a zuciyarsu gaskiya suke faɗa. Ga zumunci ya tsinke a kan abin da rabin shafi zai kashe.

Yanzu ga 'yan'uwanmu lauyoyi Musulmi da ke aiki a kamfanoni, na san wasunku na bibiyar wannan shafi. Kamfani ne ke biyan ka, kuma kare haƙƙinsa amana ce a wuyanka, ban ce ka ci amanarsa ba. Amma a lokacin da kai kaɗai ne ka rubuta takardar, ɗaya ɓangaren kuma bai iya karanta ta ba, to ka tashi daga wakilin ɓangare ɗaya, ka zama marubucin nan da aka ce ya rubuta a tsakaninsu da adalci. Ka tuna ayar ta ba wanda ake bi damar shifta ne saboda shi ne mai rauni, kada mai ƙarfi ya rubuta son ransa. In ka cusa sharaɗin da ka san da an fassara wa manomi ba zai yarda ba, ka san abin da ka yi. Aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana tsaya wa maha'inta. A ƙissar Barira kuma, da masu ita suka sa wa Nana A'isha sharaɗin da ya saɓa wa hukuncin Allah, Annabi (SAW) ya hau mimbari ya bayyana cewa irin wannan sharaɗi ɓatacce ne komai yawansa. Ko dokar ƙasa ma, wadda kun fi ni saninta, ta ce wanda ya rubuta wa mutumin da bai iya karatu ba takarda, sai ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar an karanta masa an fahimtar da shi kafin ya dangwala. Sau nawa ake karantawar da gaske? Me zai hana a buga takardar da Hausa, a saka abin da za a yi in ruwa ya ɗauke ko ya yi yawa? Kamfanin ma shi zai amfana, domin wanda ya fahimci bashi ya fi wanda aka yi wa rufa-rufa biya.

Mu kuma na gida, ƙungiyar da ke da ma'aji da sakatare ba ta cika ba sai ta samu mai karanta mata takarda. Ba sai mun ɗauki lauya da albashi ba. Kusan kowane gari yanzu akwai ɗan da ya karanta lauya ko yake aiki a kotu, akwai malamin makaranta, akwai liman. A haɗa mutum biyu, mai Turanci da mai fiƙihu. Duk takardar da ta zo ta kwana uku a hannunsu, wanda ya ce ba zai iya jiran kwana uku ba, a bar shi ya tafi da kayansa. A karɓi kwafi, kada a yarda da "za mu aiko muku". A ɗauki hotonsa a waya, a ajiye ɗaya wajen mai gari. A rubuta ranar biya a inda kowa zai gani.

A masallacinmu mun ajiye littafi mai bango saboda wannan. Duk mai rance ko hayar gona ko kiwon raba riba da yake son a rubuta masa, ya zo da abokin cinikinsa da shaidu biyu bayan sallar La'asar ranar Alhamis. Ba a biyan ko sisi. Masu tsohuwar jingina da ba a taɓa rubutawa ba, su nake so su fara zuwa, tun shaidunsu suna raye, a zauna a lissafa shekarun da aka noma a ga yadda za a mayar da ita haya.

Wallahu a'alam.