Shin Zaman Masu Yaƙi da Jarabar Giya Tonon Asiri Ne?

A garuruwanmu, wanda giya ta kama yana ɗauke da kaya biyu: jarabar kanta, da rashin inda zai buɗe baki ya ce ta fi ƙarfinsa. Tun da Zamfara ta fara aiki da shari'a a 2000, wasu jihohi suka bi sahu, an ba da ƙarfi wajen hani, har Hisbah a Kano takan farfasa kwalabe a bainar jama'a. Hanin yana kan ƙa'ida, amma bai faɗa wa wanda ya riga ya kamu inda zai dosa ba. Iyayen da dabara ta ƙare musu sukan kai 'ya'yansu gidan mari, kuma abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum fiye da 300, wasu ɗaure da sarƙa, ya nuna ƙarshen wannan hanya. A ganina, zaman da masu son barin giya suke yi don ƙarfafa juna ya dace da addini, kuma haƙƙi ne a kan al'umma ta samar masa wuri.

Irin wannan zama ya shahara ne daga Amurka. A 1935, a birnin Akron, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa hira da wanda ya san zafin abin tana taimaka musu su wuni ba su sha ba. Daga nan aka kafa Alcoholics Anonymous. Ba kuɗin rajista, ba a tambayar cikakken suna, abin da aka faɗa a ɗaki kuma a ɗaki yake tsayawa. A 2020 cibiyar Cochrane ta tace bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, ta gano cewa shirye-shiryen da ke haɗa mashayi da wannan zama suna kai mutane ga barin giya gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin ba da shawara na asibiti, wani lokaci ma fiye.

Babbar hujjar masu suka ita ce rufin asiri. Hadisi ya tsoratar da wanda ya yi saɓo da dare, Allah ya suturta shi, gari ya waye ya kama bayarwa da bakinsa. Gaskiya ne, amma abin da aka zarga shi ne rashin kunya da raina saɓon. Wanda ya zauna cikin 'yan'uwansa yana faɗin yadda giya ta raba shi da matarsa da sana'arsa magani yake nema, kamar yadda malamai suka yarda mutum ya faɗa wa likita ko mai fatawa abin da zai ɓoye wa kasuwa. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Mu kuwa sau da yawa korar muka riƙe, alhali kaɗaici ne yake mayar da mashayi gidan giya.

Wasu za su ce tsarin ya tsiro ne daga wata ƙungiyar Kirista. Haka ne, shi ya sa Musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami a 1989, suka ɗora matakan tsarin a kan tauhidi. Kuma wanda ya duba ginshiƙan, wato amincewa da gazawa, komawa ga Ubangiji, yi wa kai hisabi da biyan haƙƙin waɗanda aka cuta, zai ga sharuɗɗan tuba ne da almajiri ya sani. Wasu kuma za su ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To, ai mashayi yana da majalisa tun da farko, ita ce ta kai shi ga halaka. A hadisi, malamin da ya ba mai kisan mutum ɗari fatawa bai tsaya ga cewa ƙofar tuba a buɗe take ba, sai da ya umarce shi ya koma garin mutanen kirki. Tuban da ba a sauya masa abokan zama ba da wuya ya ɗore.

Sai dai zaman yana da iyaka. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, idan ya yanke farat ɗaya, zai iya kamuwa da karkarwa, jijjiga da ruɗewar da kan yi kisa, don haka likita ne farko. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, nan ne ya dace a fara tambayar ko akwai zaman da ake yi kusa. Inda babu, mutum biyu masu niyya sun isa farawa, kamar yadda aka fara a Akron. Abin da ya rage a kan limamai, fastoci da masu unguwanni shi ne su ba da ɗaki da lokaci, su kuma hana a riƙa leƙen wanda ya shiga. Wanda ya hana mutum shan giya, wajibi ne ya taya shi barinta.