Jiki Amana Ne: Nasiha Kan Samari Da Wayar Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci ɗan Adam a miƙe, Ya ɗaukaka kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da nake gani a ajin da nake koyar da Larabci shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sai ka ga yaro ɗan shekara 15, wuya ya zazzago gaba, kafaɗu sun ranƙwafa kamar tsoho. In ka ce masa ya miƙe, sai ya rantse a miƙe yake. Watau ya kwana yana duƙe bisa waya, yana yawo a intanet, har ya daina jin yadda jikinsa yake. Yunwa ta zo bai ji ba, ƙafa ta yi sanyi bai sani ba, fitsari ya matse shi yana ta jinkiri.

Kan babban mutum nauyinsa wajen kilo 5 ne. A shekarar 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi cewa in aka sunkuyar da kai ƙwarai, kamar yadda mai kallon waya yake yi, nauyin da wuya ke ɗauka yana kai kilo 27. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka.

To, ina ruwan addini? Da ruwansa ƙwarai. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san natsuwa da daidaituwa suna cikin farillan salla. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Manzon Allah (S.A.W.) ya mayar har sau uku ya sake salla, sa'an nan ya koya masa natsuwa a ruku'u da sujada, da miƙewa sosai bayan ɗagowa. Yaron da ba ya jin bayansa, ta yaya zai san ya daidaita? Tirmizi kuwa ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da jikinsa.

Saboda haka, ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada waya ta kwana a shimfiɗar yaro. A ajiye ta lokacin cin abinci, da kuma da zarar an kira salla. A ɗaga ta daidai ido in za a duba. A bar yaro ya motsa jiki ko da awa guda kullum, kamar yadda likitoci suke horo. Uba ya tsaya ya dubi ruku'un ɗansa, ya gyara masa da lallashi. Amma fa ya fara ajiye tasa wayar, gama yaro abin da ya gani yake yi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.