Wanda Bai Yi Ƙarya Ba, Zai Iya Yin Algus?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo mana unguwa, wato aika fure. Saurayi ya aika wa budurwa, ƙawayen amarya su yi karo-karo su yi oda ranar kamu, har mai jego ma ana aika mata. Ba mu da ja a kan wannan, kyauta ai kyauta ce. Yadda cinikin yake tafiya ne ya dame mu.

Za ka ga hoto a Instagram ko WhatsApp, jajayen wardi sun cika hannu, an rubuta, a ce, naira 15,000. Ka tura kuɗi. Sai bayan alat ya shiga a ce maka ai takardar naɗi daban take, katin gaisuwa daban, kuɗin motar da za ta ɗauko shi daga Jos ko Abuja daban, mai Keke da zai karɓo a tasha shi ma da nasa. Abin da zai iso kuwa, 'yan ƙwaya biyar ne da suka yi yaushi, an cike gurbin da ganye da furen roba.

In ka yi magana a ce, "Ni fa ban yi maka ƙarya ba." Kuma sau da yawa haka ɗin ne. Ba a ce hoton na wannan damin ba ne, ba a ce farashin har da kai wa gida ba. Kai ne ka ɗauka. To, laifin wa?

Mu dai a ganinmu na mai sayarwa ne. A kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, kana ganin kaya, ka taɓa, ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara ko ka yi gaba. Ƙarfin mai saye duk yana cikin wannan damar ta yin gaba da kuɗinsa a aljihu. Wanda ya ɓoye rabin farashi sai da kuɗi suka shiga hannunsa, wannan damar ya ƙwace. Ya san da ya faɗi jimilla tun farko wataƙila ka fasa, shi ya sa ya yi shiru. Shirun nasa ya yi masa aikin da ƙarya za ta yi.

Kada a ce matsalar sabuwa ce don waya ta zo. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya san malaman Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya gabanka bisa siffantawa, har da sayen ƙunshin tufafi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Amma sharaɗin shi ne siffar ta zama sananniya, kayan kuma su zo daidai da ita. In sun saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Hoton nan na waya shi ne siffar a yau. Wanda ya kwafo hoto daga shafin wani shago na Dubai ya liƙa a nasa, kayan wani ya siffanta. Dokar ƙasa ma, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, ta haramta tallan yaudara, sai dai wa zai kai ƙara saboda fure?

Nan ne ma abin ya fi muni. Atamfa in ta zo ba daidai ba, wadda ta biya ita ke gani, ta yi ta masifa. Fure kuwa mai biya ba ya gani, mai gani ba ta biya ba. Yarinyar da aka aika wa ba za ta kira saurayi ta ce kyautarsa ta bushe ba, kunya ba za ta bar ta ba. Godiya za ta yi, har da addu'a. Kunyarmu ce, abin da muke alfahari da shi, ta zama mayafin algus.

Mu yi adalci kuma, yawancin masu wannan sana'a 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, masu neman na kansu daga ɗaki, kuma kuɗaɗen ba ƙirƙira ba ce. Wardin da ake cinikinsa a duniya da yawansa daga Kenya da Habasha yake fitowa, a jirgi, cikin sanyi. Abin da ya saba da haka, a saka shi bayan mota daga Jos cikin zafin watan Afrilu, dole ya sha wuya, dole kuma ya yi tsada. Ba wanda ya ce a sayar a faɗi.

Abin da muke roƙo wurin 'yan'uwanmu masu sayarwa bai taka kara ya karya ba. Ku ɗauki hoton abin da ke hannunku yau, ko bai kai na Dubai kyau ba. Ku faɗi jimillar kuɗi har ƙofar gida kafin ku ba da lambar asusu. In wardi ya ƙare za ku sa wani abu a madadinsa, ku kira mai oda tun mota ba ta tashi ba.