Littafin da Ke Hannuna: Ida'un Nusukhi na Malam Abdullahin Gwandu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya tawada da takarda su zama ma'ajin sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa waɗanda suka ɗauki karatu daga bakinsa suka miƙa wa na baya.

Bayan haka, kyakkyawar al'ada ce ta ma'abota karatu idan sun haɗu, bayan gaisuwa da tambayar iyali, ɗaya ya ce wa ɗaya, "Malam, wane littafi ne a hannu?" Amsata a 'yan kwanakin nan ita ce Ida'un Nusukhi na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansu. Ya wallafa shi a shekarar 1227 ta Hijira, wato 1812, shekara takwas bayan hijirar jama'a daga Degel zuwa Gudu. Ɗan ƙaramin littafi ne, mai himma zai sauke shi tsakanin Azahar da La'asar. Baturen nan Mervyn Hiskett ya buga shi da fassarar Turanci a 1957. Abin da ke ciki kuwa shi ne amsar wannan tambaya tamu, amma amsar rayuwa guda: ga littattafan da na karanta, ga kuma mutanen da na karance su a gabansu.

Malam Abdullahi ya ba da labarin cewa bayan ya sauke Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, yana ɗan shekara 13, sai aka danƙa shi a hannun yayansa. A wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na zamanin Jahiliyya. Ya ɗauki tauhidi daga littattafan Sanusi, nahawu daga Ajurumiya da Mulha da Ƙaɗrun Nada, fiƙihu daga Ahalari da Ishmawi da Risala, sannan tafsiri da hadisi da hisabi da tasawwufi. Duk wanda ya taɓa zama a zaure zai ji kamar sunayen 'yan gidansu ake kira. Littattafan nan su ne dai har gobe ake ja a Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram: ɗalibi ya durƙusa gaban buzu, ya zaro 'yan warƙoƙi daga gafaka, ya ja baƙi, malam yana fassara kalma bayan kalma ido a lumshe, idan ɗalibi ya karya wasali malam ya gyara masa ba tare da ya leƙa takardar ba, har a kai inda zai ce a dakata nan, na baya ya matso da nasa littafin.

A nan na daɗe ban juya shafi ba, domin jerin sunayen nan taswira ce. Mai Ishiriniya, Alfazazi, mutumin Andalus ne. Mai Ajurumiya ɗan Fas ne. Hariri mai Mulha daga Basra yake, Ibn Hisham mai Ƙaɗru daga Masar, Ibn Abi Zaidin mai Risala daga Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, Sanusi kuma daga Tilimsan. Duk suka taru a gafakar wani yaro a ƙasar Gobir, a lokacin da babu injin ɗab'i a ƙasar Hausa. Kowane kofi sai wani ya zauna ya kwafe shi da alƙalamin kara, a kan takardar da fatake suka ketaro Sahara da ita, galibi irin ta Italiya mai alamar jinjirin wata uku. Mutumin da ya san abin da samun littafi guda ya ci masa ba zai ambaci sunansa da wasa ba.

Amma abin da ya fi kama zuciyata shi ne Malam Abdullahi ba ya barin littafi ya tsaya shi kaɗai. Kowane littafi yana jingine da mutum. Sahihul Bukhari yana jingine da kawunsu Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Kaukabus Saɗi'i na Suyuɗi yana jingine da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da ya zo kan karatun Shehu kansa, sai ya ce Shehu ya ɗauki Muhtasar a wurin Malam Usmanu Bidduri, ya lazimce shi har ya ɗauki halinsa na tsoron Allah da umarni da kyakkyawa. Ya kuma kawo labarin da nake ƙauna ƙwarai: Shehu ya bi Malam Jibrilu har Agadas, malam zai wuce hajji, sai ya mayar da almajirinsa gida saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Haƙƙin iyaye babi ne a littattafai, amma a ranar Shehu ya karance shi a aikace, kuma ƙaninsa ya ga ya cancanci a rubuta shi a cikin lissafin karatu.

Wannan hanya ba Malam Abdullahi ne ya fara ta ba. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa, ya jera malamansa a cikin Alguniya. Ibn Khair na Ishbiliya yana da Fahrasa. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya rubuta abin da ya karanta a gaban malaminsa Muhammadu Bagayogo, har da yadda malamin yake ba da aron littattafansa masu tsada ga duk wanda ya nema. Tushen abin kuwa shi ne gargaɗin Ibn Sirina da Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa, cewa a riƙa duba wanda ake karɓar addini daga hannunsa.

Ra'ayina a kan littafin? Ina ƙaunarsa, kuma ina da ƙishirwar da bai kashe mini ba. Malam Abdullahi ya yabi mutane, amma bai cika faɗin yadda ya ga littattafan ba. Na so in ji wanne ya wahalar da shi, wanne ya fi komawa gare shi da dare, wane sharhi ya ga ya gaza. Mutumin da ya tsara Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasinu a sarfu, ya kuma rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili, babu shakka yana da hukunci a kan kowane littafi da ya ratsa. Ya dai zaɓi ya cika takardarsa da godiya, kuma ban isa in ce ya yi kuskure ba.

Abin da ke damuna shi ne namu halin. Yau littafi ya yi arha. Wanda ya shiga Kasuwar Kurmi zai fito da abin da malaman Degel suka yi shekaru suna kwafa, wanda ke da waya kuma yana yawo da dubbai a aljihu. Wannan ni'ima ce, kuma ba na tare da masu cewa duk karatun da ba a gaban malami aka yi ba banza ne. Magabata sun yi muɗala'a, ni ma wannan littafi muɗala'arsa nake yi, ban ɗauke shi a gaban kowa ba. Illar ita ce a cakuɗa abu biyun. Sai ka ji mutum ya yanke wa Ihya'u Ulumiddini na Gazali hukunci, ko na yabo ko na suka, ka tambaye shi ina ya kai, ashe gutsuren shafi ne wani ya turo masa. Faɗin ra'ayi a kan littafi shaida ce. Za ta iya sa ɗalibi ya ƙaurace wa alherin da zai amfane shi har kabari, ko ta tura shi ga abin da bai kai ya ɗauka ba. Saboda haka idan an tambaye mu abin da muke karantawa, ya kamata amsa ta zo da cikonta: ga sunan littafin, ga inda na kai, ga wanda nake ɗauka a wurinsa, ko kuwa ni kaɗai nake dubawa. Mai sauraro sai ya san nauyin da zai ba maganarmu.

Idan Allah ya kai mu, Tazyinul Waraƙati zan ɗauka bayan wannan. Malam Abdullahi ya haɗa shi a 1813, ya tattara waƙoƙinsa tare da dalilin yin kowace, kuma a can ne yabon Malam Jibrilu da makokin malaman da suka riga shi suke. Ina fatan in sami malamin adabi da zan ja shi a gabansa, domin Larabcinsa ya fi ƙarfin muɗala'ar mutum ɗaya. Allah ya haskaka kabarinsa da ke Gwandu, da kaburburan waɗanda suka karantar da shi.